Banda Na Gashuwa

Ranar Litinin ɗin nan Malam Kalli ya shigo aji yana karkaɗe alli daga hannun rigarsa, ya ce kowa ya ɗauki takarda ya rubuta abin da ya koya daga aikin tallar rediyo da muka yi. Fanne ta rubuta layi biyu: ta koyi cewa ba a tari kusa da makirfo, kuma ba a cin gyaɗa kafin a yi magana. Bappayo ya cika shafi uku, rabinsu yabon rubutun hannunsa ne. Ni kuwa na zauna ina taunar gindin fensir har aka tashi. Ba wai ban koyi komai ba. Abin da na koya ne ya fi ƙarfin takardar Malam, shi ya sa na kawo muku shi nan, ku da kuka saba jin asirina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Kellu, 'yar Baba Kyari fatoman kifi da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Nguru. A zaurenmu fataken kifi suke sauka, Baba ya ajiye musu kaya, ya nemo musu masu saye kafin jirgin Kano ya tashi. Shekarata goma sha tara, ina cikin mata huɗu da aka ɗauka bana, 1958, a ajin horar da malaman yaƙi da jahilci. Mu muna gefe guda, maza goma sha ɗaya suna ɗaya gefen, da zana a tsakani wadda ba ta tare komai sai iska. Kuma bari in faɗa tun yanzu, duk ajin nan babu mai karatu kamata. Za ku ce yabon kai ne. To, ku ce, amma ku tambayi Malam.

Sai Saleh.

Saleh mutumin Gashuwa ne, shi yake rako kwandunan banda a mota duk mako biyu zuwa zauren Baba. Dogo ne, baƙi, ba ya son yawan magana, in ya yi dariya sai ya sunkuyar da kai kamar ya yi laifi. A ajin manya ya koyi boko, don haka wasiƙunsa gajeru ne, baƙaƙen manya-manya, kuma duk wadda na buɗe sai ƙanshin hayaƙin kifi ya riga kalmomin isowa. Direban motar Gashuwa ne yake kawo su a cikin hularsa. Ina da guda goma sha ɗaya a ƙasan adakata, ƙarƙashin lafayar Sallah, har ita ma lafayar ta fara ɗaukar ƙanshin.

Ya Falmata, mahaifiyata, ba ta taɓa kiransa da sunansa ba. Hayaƙi take ce masa.

“Hayaƙinki ya zo,” haka za ta ce tana jujjuya garwashi a kaskon turare. “Mijin da sai an turara shi kafin a bar shi ya shiga ɗaki. Duk malaman makaranta da akawunan tasha ba ki ga kowa ba sai mai ƙona kifi?”

“Ya, da kifin da yake ƙonawa aka sayi turaren nan.”

“Ji baki! Wannan bakin naki wata rana shi zai yanka miki wuya.”

Baba dai yana son Saleh, ya ce tunda yake bai taɓa samun ruɓaɓɓe a ƙasan kwandonsa ba. Amma maganar ba a hannun Baba kaɗai take ba. Saleh maraya ne, ƙanwar mahaifinsa ce ta raine shi, Gwaggo Suwaibatu, wadda duk bakin kogin Gashuwa aka san ta da banda. Ita ke da murhu, ita ke da magana. Wata shida Saleh yana lallaba ta kafin ta yarda za ta zo Nguru da kawunansa su kawo goron neman aure. Ta ce 'yar boko ba za ta iya zama da hayaƙi ba. Da ƙyar aka tsayar da Juma'ar ƙarshen wata.

Ana cikin haka wani mutum ya sauka daga jirgin Kano da akwati mai nauyi, ya ce daga gidan rediyo yake. Malam Kalli ya shigo da shi aji, ya buɗe akwatin, sai ga na'urar ɗaukar magana da faifai biyu masu juyawa. Malam ya ce mutanen da za mu koyar kunne suke da shi kafin ido, don haka za mu koyi rubuta magana don kunne. Aka raba mu uku-uku, kowane rukuni ya shirya talla ta minti ɗaya a kan wani abin da ƙasarmu ke alfahari da shi. Wadda ta fi kyau za a sa ta a rediyo, duk Arewa ta ji.

Ni da Fanne da Bappayo aka haɗa. Kifi muka zaɓa, ko in ce na zaɓa suka bi.

Da na faɗa a gida, Ya ta ajiye ludayin da ke hannunta.

“Talla? 'Yata? Tunda na haife ki ban taɓa ɗora miki faranti a ka ba, ko na ƙuli-ƙuli. Yanzu da girmanki za ki yi wa duniya talla?”

“Ya, wannan ba tallar faranti ba ce. Ta ilimi ce. Ba wanda zai ga fuskata.”

“Talla talla ce. Ran da na ji kin tsaya a kasuwa kina kiran masu saye, ki nemi wata uwar.”

Na yi dariya, don a lokacin abin dariya ne.

A tsakar gidan su Fanne muka rubuta tallar, Bappayo yana daga bakin zaure yana jefo mana manyan kalmomi muna mayar masa. Farkonta kirari ne ga kogi da masunta, tsakiyarta amfanin kifi ga jiki. Ƙarshenta kuwa ni na tsara shi, kuma na hana kowa taɓa shi: “Duk mai kyau ne, ku saya ku ci lafiya: ɗanye na Nguru, busasshe na Katuzu, banda na Gashuwa!”

Fanne ta kalle ni ta gefen ido. “Me ya sa Gashuwa ce a ƙarshe?”

“Don abin da aka faɗa a ƙarshe shi kunne yake riƙewa. Malam ya faɗa.”

“Malam ya faɗa, ko Hayaƙi ya faɗa?”

Na jefe ta da ɓawon gyaɗa. Amma gaskiyarta. Na ƙudura a raina cewa kafin Gwaggo Suwaibatu ta taka ƙofar gidanmu, sai ta ji 'yar bokon nan ta ɗaga sunan sana'arta a kunnen duk Arewa. In ta zo, ta zo tana jin nauyina.

Ranar ɗaukar magana na sha kwalliya kamar na'urar tana da ido. Atamfa shuɗiya mai zanen ganye, fatala ja, murjanin Ya da na ara ba da saninta ba, ƙunshi har wuyan hannu. Bappayo ya kwafe tallar a takarda mai tsabta da manyan baƙaƙe don in ji daɗin karantawa, ya miƙo ta saman zana yana hura hanci.

Karon farko ina tsakiyar karatu jirgi ya yi kuka a tasha. Karo na biyu jakin wani mai itace ya tsaya daidai taga ya ba da tasa gudummawar. Karo na uku Fanne ta shaƙe da gyaɗa. Mutumin rediyo ya duba na'urarsa ya ce batir ya kusa mutuwa, saura ɗauka ɗaya, kuma ba za a samu damar sake saurare ba. Malam Kalli ya fita waje da sanda don tsare jakuna. Kafin ya fita ya ce da ni, “Kellu, kin haddace ta har kina gudu. Ki bar hadda. Ki karanta abin da ke kan takarda, layi-layi, ki numfasa a ƙarshen kowane layi.”

Na bi maganarsa sau da ƙafa. Muryata ta fita tar, ni kaina na ji zaƙinta. A gaskiya zaƙin nake saurare, ba maganar ba. Da na gama mutumin rediyo ya ɗaga babban yatsa, faifan ya tsaya cak, batir ya mutu. Bayan kwana goma takarda ta zo: tamu aka zaɓa, za a sa ta ranar Laraba bayan la'asar, kwana biyu kafin Juma'ar da nake jira.

A ranar na rubuta wa Saleh: “Ka kunna kunne ranar Laraba bayan la'asar. Akwai saƙo a rediyo, naka ne da na Gwaggo. Kada ka ji shi kai kaɗai.”

Amsarsa ta zo a hular direba: “Na gaya wa kowa. Za mu taru a ɗakin karatu inda akwatin rediyo yake. Gwaggo ta ce za ta zo. Ba ta taɓa zuwa ba.”

Laraba ta zo. Baba ya fito da rediyonsa zaure, ya ɗora a kan buhu. Fataken Gashuwa biyar suna nan, ga maƙwabta, ga masu wucewa da suka ji labari. Mu mata muka taru a bayan ƙofar zaure, har Ya, wadda ta ce ita tsintsiya ta zo ɗauka. Sai ga muryata ta cika gidan. Wallahi daɗi ya kama ni har na riƙe hannun Fanne. Kogi ya wuce, masunta suka wuce, amfanin kifi ya wuce. Sai ƙarshe:

“Duk mai kyau ne, ku saya ku ci lafiya: ɗanye na Nguru, busasshe na Katuzu, ban…”

Na ji kaina na numfasa.

“…da na Gashuwa!”

Ban da na Gashuwa. Kowane kifi mai kyau ne, a ci lafiya, amma ban da na Gashuwa. Da bakina, da muryar nan mai zaƙi, har da ɗan ɗaga ta a ƙarshe don kowa ya ji da kyau. Wani dattijo cikin fataken ya miƙe, ya ɗauki takalmansa, ya ce, “Kyari, ashe haka ake kallon kayanmu a gidan nan?” Bai jira amsa ba. Sauran huɗun suka bi shi.

Ya ta dube ni, ta ɗauki tsintsiyarta ta wuce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Duk da haka ranar Juma'a an share gida, an shimfiɗa sababbin tabarmi, Ya ta dafa shinkafa da miyar kifi, ta turara ɗakin baƙi har sau biyu. Kada ku ga tana ce masa Hayaƙi, ba ta son a ce gidanta ya gaza. Aka sauko daga masallaci, babu kowa. La'asar ta yi, babu kowa. Motar Gashuwa ta iso ta sauke buhunan gero da wata tsohuwa mai kaji. Na tsaya a bayan ƙofa da kwalliyata har kwallin ya bi hawaye ya sauko.

Washegari direba ya ciro takarda daga hula, bai ko kalle ni ba.

“Kellu. Mutum ya fi sittin a ɗakin karatu. Gwaggo tana gaba, na shimfiɗa mata buzu. Da aka faɗa, yara suka yi ihu. Yanzu in ta wuce a kasuwa sai a ce ban da na Gashuwa. Ta rantse babu 'yar Nguru da za ta shiga gidanta. Ni na san ba haka kike nufi ba. Amma ban san me kike nufi ba. Saleh.”

Wannan layin na ƙarshe ya fi komai yi mini ciwo. Na karanta shi ya fi sau ashirin.

Ranar Litinin na isa aji kafin kowa, na buɗe akwatin Malam na ciro takardar da Bappayo ya kwafa. Ga abin nan ƙuru-ƙuru. Baƙaƙensa sun yi girma har layi ya ƙare masa a tsakiyar kalma. Ya rubuta “ban” a ƙarshen layi, ya sauko ƙasa ya rubuta “da”. Ko ɗan jan layin da ake sawa a nuna kalma ba ta ƙare ba bai sa ba.

Yana shigowa na ɗaga takardar ta saman zana. “Bappayo! Wane ne ya raba maka banda gida biyu?”

“Takarda ce ta ƙare, ni kuwa ba na matse rubutuna don kifi.”

“Kana wurin da na karanta. Ba ka ji ba?”

“Na ji mana. Na ɗauka iyakar Hausar Barebari ke nan, na ce kada in kunyata baiwata a gaban baƙo.”

Wasan Fulani da Barebari ba sabon abu ba ne, kullum muna yi, amma ranar da na samu taɓarya da an yi jana'iza. Fanne ta ce ita tana can tana danne tari, ba ta ji komai ba. Malam Kalli ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa, ya ce laifinsa ne da ya ce in bar hadda. Na ce a'a. Wanda ya rubuta magana da hannunsa, ya san ma'anarta, sannan ya tsaya sauraren zaƙin muryarsa har ma'anar ta kuɓuce, ba shi da wanda zai kama. Malam ya ce zai rubuta wa gidan rediyo a gyara, amma kafin wasiƙa ta je ta dawo sai a yi wata biyu. Ni kuwa na san zuciyar tsohuwa, in aka bar ta wata biyu da rantsuwa, sai ta zama dutse.

A gida Ya ta yanke nata hukuncin. “Ki bar ajin nan, ki zauna a ɗaki har maganar ta mutu. Su Hayaƙi sun hutar da mu. 'Yata ba za ta bi kowa da roƙo ba.”

“Ba roƙo zan yi ba, Ya. Gyara zan yi.”

“Magana zarar bunu ce. Wa kika taɓa gani ya mayar?”

Baba yana alwala a bakin rijiya, kamar ba ya ji. Da ya gama ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, “Ƙanwata da ke Gashuwa ta kwana biyu ba ta ga Kellu ba. Gobe akwai mota. Fanne ta raka ta.”

Mun tashi da hantsi a bayan mota, kan buhunan gishiri. Sau biyu tayar ta nutse a yashi aka sauka aka tura. Na sa lafayar Sallah, ruwan goro, wadda ta kwana da wasiƙun Saleh, na soke takardar Bappayo a cikin ɗan tofina. Muna sauka ko gidan ƙanwar Baba ban nufa ba, na tambayi murhun Gwaggo Suwaibatu. Ba sai an nuna ba ma, hayaƙi ya kai mu.

Gajeriya ce, kakkaura, idanunta sun yi ja saboda shekarun hayaƙi. Tana juya tarwaɗa a kan wuta da hannu, ba ta ko jin zafi. Saleh yana gefe yana faskare. Da ya gan ni gatarin ya tsaya a sama.

Na durƙusa har ƙasa. “Gwaggo, ina wuni.”

“Lafiya. Wace ce?”

“Kellu ce, 'yar Baba Kyari.”

“Au, mai rediyo.” Ta ci gaba da juya kifinta. “Kin yi ɓatan hanya. Nan na Gashuwa ne, ba a ci.”

Na ciro takardar na miƙa da hannu biyu. “Gwaggo, ki duba. Kuskuren rubutu ne. Banda na rubuta, aka raba…”

“Ni na ce miki ina karatu? Takarda ba ta taɓa yi mini magana ba. Kunnena ne ya ji, kuma kunnena bai tsufa ba.”

Nan fa na ga boko ya ƙare mini. Amma ni malamar yaƙi da jahilci ce, ko ba a ba ni takardar shaida ba tukuna. Na jawo toka daga bakin murhu na baza a ƙasa, na ɗauki tsinke na rubuta kalmar da manyan baƙaƙe.

“Gwaggo, wannan zanen shi ne banda, sana'arki.” Na sa yatsa na ja layi a tsakiya, na raba shi biyu. “Yanzu kuma ya zama ban da. Zanen bai canza ba. Numfashi ɗaya na yi a nan, inda yatsana yake.”

Ta bar kifin ta matso, ta sunkuya tana kallo. “Sake haɗe shi.” Na share layin. “Faɗi.”

“Banda.”

“Raba.”

“Ban da.”

Ta miƙe ta riƙe ƙugu. “Wato wannan bokon da kuke taƙama da shi bai san bambancin abinci da zagi ba?”

“Bai sani ba, Gwaggo. Sai mai karatun ya sani. Ni ce ban kula ba, ina jin daɗin muryata.”

Saleh ya buɗe baki, Gwaggo ta ɗaga masa hannu ya rufe.

“Na ji, ba da gangan ba ne. To sai me? Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa sayar wa mutum abin da zai ɓata masa ciki ba. Yau yaran da na ga haihuwarsu suna bi na da waƙa. Toka za ki bi su da ita gida-gida kina zane?” Ta shiga rumfa ta fito da babban faranti, ta jera banda a kai har ya yi tozo, ta ajiye a gabana. “Yau kasuwa take ci. Bakin da ya ɓata, shi zai gyara. Ba a cikin akwati ba, inda ba a ganin fuska. A ka.”

Fanne ta kama gefen lafayata ta raɗa mini, “Kellu, Ya fa. Kin ji abin da ta ce.”

Na ji. Kalma-kalma na tuna, har da inda ta ajiye ludayi. Kuma na san kasuwar Gashuwa cike take da mutanen Nguru, labarin zai riga ni isa gida. Saleh ya ce a hankali, “Gwaggo, ba ta taɓa talla ba. A gidansu abin kunya ne.”

“A gidanmu kuwa da shi aka raine ka,” in ji ta.

Wannan maganar ce ta gama da ni. Na zo ne ina so Gwaggo ta ji nauyina don na ɗaga sana'arta daga nesa, cikin kwalliya, ba tare da ko ƙamshinta ya taɓa ni ba. Na naɗe gefen lafayata na yi gammo, na ce, “Fanne, ɗora mini.”

Farantin ya fi yadda na zata nauyi, man kifi yana ɗiga a kafaɗata. Muka shiga kasuwa, ni a gaba, Gwaggo a baya tana tafe kamar ba tare muke ba. A bakin rumfar masu gishiri na tsaya, na cika ƙirji, na saki muryar nan da duk Arewa ta sani.

“Bandaaa! Banda na Gashuwa!”

Kai, jama'a! Kamar an watsa wa kaji tsaba. Wani ya ce, “Wallahi ita ce! Muryar rediyo ce!” Kafin in kai rumfar mahauta an kewaye ni. Wani mai bakin tsiya ya ɗaga murya, “'Yan mata, ba ke kika ce ban da namu ba?”

“Ni ce, Baba. Numfashi ne ya sarƙe ni a tsakiyar kifi. Yau ga shi na kawo shi ɗungurungum, ba a raba ba. Ɗanɗana ka gaya wa jama'a in ƙarya nake.”

Aka fashe da dariya. Ya ɓalli tarwaɗa ya tauna, ya ɗaga hannu sama. Daga nan ban sake jin kunya ba, sai ma na fara jin daɗi, kun dai san ni. Na karanto musu tallar tun daga kogi har masunta, na ja ƙarshen yadda ya kamata, yara suka ɗauka suna amsawa. Waƙar da suke bin Gwaggo da ita ta juye a bakinsu. Kafin la'asar babu ko ƙaya a farantin.

A nan ne na hango direban motar da ta kawo mu a jikin rumfa, ya tura hula ƙeya, ya saki baki yana kallona. Motarsa za ta tashi kafin magariba, ni kuwa sai gobe. Na san kafin in kwance lafayar nan Ya ta ji komai, har da man kifin da ya ɓata ta.

Na kai wa Gwaggo farantinta a gaban mutane, na durƙusa. Ta karɓa ta juya shi, ta ga babu saura. Dattijon nan da ya ɗauki takalmansa a zauren Baba yana wurin, ya ce, “To, Suwaibatu, yaya maganar rantsuwa?”

Gwaggo ta gyara ɗaurin zanenta, ta ɗaga murya yadda na kusa da na nesa za su ji.

“Rantsuwata tana nan, ban janye ba. Na ce babu 'yar Nguru da za ta shiga gidana.”

Saleh ya sunkuyar da kai. Gwaggo ta ciro goro daga bakin zane, ta ɓare, ta jefa rabi a baki, ta tauna a natse kamar ba ita ake jira ba. Sannan ta dube ni, ta ce:

“Ban…”

Ta ja numfashi, dogo, daidai irin wanda na ja a rediyo.

“…da wannan mai bakin. Tashi ki karɓi goro, ki kai wa uwarki rabin. Ki ce mata Juma'a muna tafe, ta tanadi turarenta da yawa.”